Dariyar da Aka Ɗauka Ina Cikin Takaba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Bungudu nake rubutowa, don Allah a sakaya sunana.

Ina cikin takabar mijina 'yata ta kwanta da zazzaɓi, dole ta sa na kai ta asibiti Gusau. Da muka fito ta ce tana jin yunwa, bayan ta yi kwana uku ba ta sa komai a baki ba. Murna ta sa na yi dariya. Ashe wani mai ɗaukar hoto yana tsallaken titi, ban ma gan shi ba.

Bayan sati guda ƙanin mijina ya faɗo gida ko sallama babu, ya miƙo mini waya. Ga hotona an watsa a intanet, ga ni baki buɗe, an rubuta a ƙasa, "Matan Gusau cikin nishaɗi." Ya ce, "Takabar da kike wa yayana ke nan?" Tun daga ranar, Inna surukata ba ta ƙara amsa gaisuwata ba.

Na sa aka nemo mai hoton. Wai ai titi na kowa ne.

Na ji, titi na kowa ne. Fuskata fa? Jama'a ku ba ni shawara. Shi ana ta yaba masa, ni wa zai je ya yi wa Inna bayani?