Buhun Gwiwar Sumana

Aïchatou: Alo? Lokotoro Abdou ne, mai gyaran ƙafa?

Abdou: Shi ne. Wa ke magana?

Aïchatou: Fofo, lokotoro. Aïchatou ce daga Bukoki, matar ɗan kokowan nan.

Abdou: Sumana? Madam, ina gajiya? Ina yara?

Aïchatou: Lahiya lau. Ina aiki? Ina zafi?

Abdou: Da godiya. Ya gida?

Aïchatou: Gida sai yunwa, tun da damina ta...

Abdou: Madam, a waya muke. Ki ce sai haƙuri.

Aïchatou: To, sai haƙuri. Haƙurin har ya kai gindin tukunya.

Abdou: Ya gwiwar maigida?

Aïchatou: Wai ya warke. Lahadi zai shiga fili, sojoji sun sa buhun hatsi ga wanda ya yi kaye.

Abdou: Da wace jijiyar? Wadda ta kusa tsinkewa? Ɗaga ƙafɓɓɓ... Alo? Alo?

Aïchatou: Ina ji, layin ne ke tari.

Abdou: Na ce yana ɗaga ƙafar da buhun yashi, yadda na nuna mishi?

Aïchatou: Yashi? Ya rantse ƙasa ba ta hawa jikinsa, ko a fili ko a ɗaki. Dawar taimako da aka raba muna, ita ya ɗura a ɗan buhu yake ɗaurawa a ƙafa.

Abdou: Babu laifi, nauyin ake so. Cinya ta yi ƙarfi, ta ɗauke wa jijiyar aiki.

Aïchatou: To ai nan ne. Da fari yana ɗagawa yana nishi kamar mai naƙuda. Yanzu cilla ƙafar yake har sama, yana kiran maƙwabta su zo kallo.

Abdou: Da sauri haka? Abin mamaki.

Aïchatou: Babu mamaki, lokotoro. Mun cinye buhun.

Abdou: Kun me?

Aïchatou: Kullum in ya tafi masallaci sai in farke gefe, in ɗebi na tuwo, in cusa ƙaiƙayi, in ɗinke. Buhu na nan ƙato, amma kaza ma ta ja shi.

Abdou: Shi bai lura ba?

Aïchatou: Shi da ke cin malmala uku yana yaba hannuna?

Abdou: Madam, in ya shiga fili da gwiwar nan, kamun farko za ta tsinke, kuma ya gama kokowa har abada. Ki faɗa mishi gaskiya yau.

Aïchatou: In ce da Sumana yaransa maganinsa suke ci? Wallahi ko da rarrafe sai ya je neman buhun sojojin nan. Tsoro nake ji, lokotoro.

Abdou: To, ji nan. Da la'asar zan zo a mobilet da tiya biyu ta dawa. Ki san yadda za ki tura shi waje, mu cika buhun. In ya ɗaga ya ji nauyi, shi da kansa zai fasa.

Aïchatou: Allah shi saka. Mai butik ɗin da ya ara mini waya na harara ta, wai na cinye mishi kuɗin waya. Amma lokotoro...

Abdou: Na'am?

Aïchatou: Ka taho da waya ta ƙarfe, ka ɗinke bakin da kanka. In na ga dawa yaran na kuka, ban amince da hannuna ba... Alo?