Garmar Malam Azariya

Yau Asabar, ƙafafuna sun kumbura tun jiya, ku gafarce ni in yi magana a zaune.

Ranka ya daɗe Hakimi, Rabaran, dattawan ikilisiya, zumuntar mata, Mama Paulina matar marigayi, ina gaishe ku.

Benci ɗaya muka zauna da Malam Azariya a makarantar mishan ta Kagoro. A ajinmu ni kaɗai na rage.

Ya kasance malamin tarihi. Ya kasance uba ga 'ya'yan ma'aikatan reluwe da 'ya'yan manoma a nan Kafanchan, bai ware kowa ba. Ya kasance kuma mutumin da ya dame mu da labarin sarakunan Japan na dā, har muka laƙaba masa Sarkin Japan.

Yakan ce kowane sarki a can sai ya yi shekara a ƙasarsa, shekara a babban birni wurin shugaban mayaƙa. In zai koma gida, dole ya bar matarsa da magajinsa a birni, don kada ya yi tawaye. Yaron can zai girma, bai san ƙamshin ƙasar ubansa ba. Daga baya aka soke sarautar, aka tattara su birni.

Na ce, "Azariya, ina ruwanmu da Japan? Ko doya suna ci?"

Ya ce, "Meshak, kanka kamar dutsen Kagoro. Su da takobi aka riƙe musu 'ya'ya. Mu da hannunmu muka kai namu tasha, suka tafi birni."

Muka yi dariya a lokacin. Yau ku dubi kujerun nan, furfura ce zalla.

Da ciwo ya tsananta, ya sa aka kawo mini garmarsa. Ya ce, "Takobin gidanmu ke nan. Ka danƙa wa ɗana Christopher a gaban jama'a. In ya karɓa, gonar citta ta rayu. In bai karɓa ba, daji ya cinye ta."

Mama Paulina, ga garmar na sa an kawo. Damina ta kusa. An ce yaron ya taso daga Abuja, yana hanya. Ki daure.

Mun gode da zuwanku. Ubangiji ya ba bawansa hutu, ya dubi gidajenmu da suka yi shiru. Amin.

Ga waɗanda za su karanta wannan daga baya: mun jira har aka kwashe kujeru. Christopher bai zo ba. Garmar tana bayan ƙofata, ni kuwa ko ɗaga ta ba na iyawa.