Amsar da Na Soke da Hannuna

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, shugabannin ma'aikatar ruwa, malaman da suka sha fama da mu har sati shida, masu kula da injin tura ruwa, masu ɗakin magani, masu gyaran bututu, iyalanmu da suka rako mu, jama'a maza da mata, ina yi muku barka da zuwa, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni wannan dama, ko da yake ban roƙa ba. Wai ni ne mafi tsufa a ajin, don haka ni zan yi magana a madadin ɗalibai yau da ake rufe horo. Ina godiya ga Malama, wadda na girmi mahaifinta, amma ta tsayar da ni gaban allo sau bakwai ko gezau ba ta yi ba. Ku yi mini afuwa in kun ga ina kai-komo. An ajiye mini kujera, amma wallahi ba zan iya zama ba. Jibi da ƙarfe tara za mu shiga jarrabawa. Shekarata ashirin da shida ina zuba wa ruwan jama'a magani ba ni da takardar shaida. Bara na zauna na faɗi, kuma ƙa'idar aikinmu ta ce wanda ya faɗi sau biyu ya bar ɗakin magani, ya koma share magudana. To, mutumin da wannan ke gabansa, ina shi ina zama?

Abu uku zan faɗa, in hankalina ya bar ni na jera su.

Na farko, ku san ruwanku. Kada ku ce "kullum haka yake". Ku je ku karanta mita, ku rubuta na jiya, ku rubuta na yau, ku ɗebe na jiyan daga na yau. A wurinmu lita miliyan biyar ke fita kowace rana. Duk lissafin da ba a kan wannan adadi ya tsaya ba, ɓata takarda ne.

Na biyu, ku san maganinku. Kulorin da muke zubawa gida biyu ne: akwai wanda dattin ruwa zai cinye, akwai wanda dole ya saura ya raka ruwan har famfon ƙarshe. Idan ruwa na cin miligiram ɗaya da rabi a kowace lita, kana son rabi ya saura, ka ga biyu ke nan. Biyu sau miliyan biyar, ka mayar kilo, ya ba ka kilo goma. A nan ne mutum yake jin daɗi ya ajiye biro, kuma a nan ne ake faɗuwa. Garin maganin da ke cikin durom ɗinku ba kulorin zalla ba ne, ku duba jikinsa, an rubuta kashi sittin da biyar cikin ɗari. Sai ka raba goman nan da wannan ƙarfi, ka samu kilo goma sha biyar da ɗigo huɗu. Ku raba, 'yan'uwa, ku raba! Ko sunanku kuka manta jibi, kada ku manta da wannan rabawar.

Na uku kuwa, shi ne ya hana ni sakat, kuma ban taɓa faɗarsa a bainar jama'a ba sai yau.

Ranar da na fara aiki, maigidana, Allah Ya jiƙansa, ya miƙo mini wani gwangwanin fenti da aka yanke wa baki, ya ce, "Yaro, gwangwani biyar duk safiya, a shafe bakin da katako. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka tambaye ni." Ban tambaya ba. Gwangwanin na cin kilo biyu, biyar ɗinsa kilo goma. Haka na yi ta zubawa, rani da damina, har hannuna ya san nauyinsa fiye da yadda ya san nauyin 'ya'yana. Duk wanda aka kawo mini koyon aiki, abin da na koya masa ke nan, da irin muryar da aka koya mini.

Bara a ɗakin jarrabawa, sai ga tambaya kamar an leƙo wurin aikinmu aka rubuta ta: ruwa miliyan biyar, miligiram biyu, gari mai ƙarfin sittin da biyar. Na ninka, na raba, kalkuleta ta nuna mini goma sha biyar da ɗigo huɗu. Na rubuta. Sai hannuna ya ƙi. Zuciyata ta ce, "Haba! Kai da ka tsufa a kan goma, wannan 'yar na'urar ce za ta koya maka aikinka?" Jama'a, na ja layi biyu a kan amsar gaskiya, na rubuta goma, har da ja mata layi a ƙasa don mai dubawa ya san ƙwararre ne ya amsa. Da maki uku na faɗi, tambayar kuwa maki biyar ce.

Na yi wata guda ina kumbura, ina cewa masu jarrabawa ba su taɓa shaƙar kulorin ba. Da aka fara horon nan na kai wa Malama ƙara. Ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce, "Baba, lokacin da maigidanka ya ce biyar, inji nawa ke tura ruwa?"

Na ce, "Ɗaya."

Ta ce, "Yanzu fa?"

Na ce, "Biyu, tun shekara tara."

Ta ce, "Gwangwanin kuma?"

Sai a lokacin na gane. Maigidana bai yi kuskure ba, lissafinsa daidai ne a kan ruwan zamaninsa, miliyan uku da 'yan kai. Ruwa ya ƙaru, unguwanni sun ƙaru, bututu ya ƙara tsawo, ni kuwa ina nan a kan biyar. Ina gwada ruwan a bakin tanki, minti kaɗan bayan na zuba, launin da ke nuna akwai kulorin ya fito, in rubuta "lafiya lau" in tafi shan shayi.

Washegari na ɗauki kwalbar gwaji na hau keke har ƙarshen layi, inda bututunmu ya ƙare. Gidan yayata ne a wurin. Na tari ruwan famfonta, na jefa ƙwayar gwaji, na girgiza, na jira. Fari tas, babu ko alamar launi. Tana tsaye da jikarta a goye, ta ce, "Auta, me kake nema a ruwan? Ai ni ba na ko tafasa shi, tunda na san kai ne a can." Yarinyar da ke bayanta sau uku aka kwantar da ita a bara saboda gudawa. Ban ce ni ne sanadi ba, amma ban isa in ce ba ni ba ne. Kunya da tsoro suka rufe ni, kuma har yanzu ba su sake ni ba.

Tun ranar aka gyara ma'aunin, da sikeli muke awo yanzu, kuma ana gwada ruwa a ƙarshen layi duk sati. Amma ina roƙonku, ku tsofaffin hannu irina, ku da kuke da naku gwangwanin, ko bokiti, ko tafin hannu: jibi idan takarda ta faɗi abu, hannunku ya faɗi wani, ku sake lissafin sau ɗaya, in ya maimaita kansa ku bar shi yadda yake. Ku kuma matasa, kada ku yi mana dariya da yawa, naku gwangwanin yana nan tafe.

Ranka ya daɗe shugaba, na san an ba ni izinin ci gaba da aiki har sakamako ya fito. Na gode, amma ba zan karɓa ba. Ga mabuɗin ɗakin magani, na ajiye shi a kan teburinka. A ba mai takarda ya riƙe. In sunana ya fito a jerin waɗanda suka ci, zan zo in roƙa a mayar mini. In bai fito ba, a tanadar mini shebur, magudana ma ta jama'a ce, kuma a can kuskurena ba zai shiga cikin kowa ba.

Allah Ya ba mu natsuwa a ɗakin jarrabawa, Ya buɗe mana kawunanmu, Ya tsare hannayenmu daga soke gaskiya. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare duk wanda zai buɗe famfo ya sha yana mai amincewa da mu. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.