Zakaran Godiya da Makin Hannatu

Jama'ar Allah, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai cetonmu. Waɗanda suka ci naman zakarana kwanakin baya kuwa, ku karɓi gaisuwa ta musamman.

Sunana Bulus, amma tun da na zo ƙasar Katagum ina saurayi ake ce mini Masinja, don aikin da na yi ke nan har na tsufa. Karatuna aji biyu ne, na biyun ma rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Na ƙare rayuwata ina kai takardu ofis-ofis ban san me ke ciki ba. Abu ɗaya na riƙe: takarda in tana da hatimi mai ƙyalli, babba ce.

Jikata Hannatu, wadda ke hannuna nan Azare, ta je Bauchi gasar lissafi ta 'yan sakandare. Ta dawo ta ajiye wata takarda kan tebur ta shige ɗaki. Na duba, sai ga hatimi ruwan zinariya! Ban tambaye ta komai ba. Na kai wa mai hoto na bakin kasuwa ya sa mata gilashi. Ran Lahadi kun gan ni da idonku: na taso daga bencin baya da zakara a hammata ina rawa, Zumuntar Mata na buga tulu, na tsaya nan gaba na ce jikata ta kayar da 'ya'yan jihar nan kaf. Tana cikin mawaƙa, na ga ta sunkuyar da kai, na ce kunyar 'yan mata ce.

Muna shiga gida ta ce, "Kaka, ka kashe ni."

Na ce, "Amarya, da me?" Haka nake tsokanarta tun tana goye.

Ta ce, "Duk wanda ya zauna a zauren gasar an ba shi irin wannan. Ka ga nan ƙasa? Maki ashirin da uku. Cikin ɗari."

Na ce, "To ai da yawa! Ni ko awaki ashirin da uku ban taɓa mallaka ba."

Ba ta yi dariya ba.

Ana cikin haka kwalejin horon malamai ta kira ta ganawa, aka ce kowa ya zo da takardunsa. Yarinyar nan tun tana ƙarama malamar lissafi take son zama. Malaminta ya ce ta bar takardar gasa a gida, ba dole ba ce. Ita kuwa ta ce in ta kai, za su ga makin su raina ta. In ta bari, Azare ba ta da girma, wani cikinsu zai ce ina kyautar da kakanki ya yi wa rawa? Sai ta ce ta fasa zuwa gaba ɗaya. Ta daina zuwa koyon waƙa, kullum tana ƙule a ɗaki. Tuwo sai ta taɓa ta ture. Ina kallo yarinya na ramewa, kuma bakina ne ya jawo.

Wata rana da la'asar na zo ɗakin sujadar nan ba kowa, na durƙusa. Na ce, "Ubangiji, Kai ka san ban iya lissafi ba, ban kuma iya rufe baki ba. Kada ka bar wautata ta tsare wa yarinyar nan hanya."

'Yan'uwa, ban ji murya ba. Katagum Ya tuna mini.

Can aka fara tura ni aiki, ni da matata Saratu, Allah ya huta da ita, lokacin tana amarya. Kai, zamani! In ruwa ya ja baya, masunta su taru a bakin kogi, kowa da gorarsa da komarsa, mata na soya ƙosai a gaɓa, yara na ihu. Malam Garba, tsohon masunci maƙwabcinmu, ya ce, "Masinja, yau sai ka shiga." Ni ɗan kan dutse, ban san ruwan da ya wuce gwiwa ba! Na kwanta kan gora, ta juya da ni, na sha ruwa har na ƙoshi. Da aka fito, kifi ɗaya ne a gorata, bai fi ɗan yatsa ba.

Al'adarsu, kowa zai juye gorarsa a gaban jama'a. Na fara zamewa ta bayan ciyawa, sai Malam Garba ya ɗaga murya: "Masinja, dawo ka juye!" Na juye. Aka yi dariya har wani ya zauna a laka. Amma da aka zo rabo, sai da aka ba ni kasona, don wandona a jiƙe yake. Masu busassun riguna da suka fi kowa dariya, hannu sake suka koma. Saratu kuwa ta soya ɗan kifin nan shi kaɗai, ta sa a kwano ta rufe, ta durƙusa ta ce, "Ga kamun maigida." Har ta bar duniya tana tsokanata da shi.

Na koma gida na ba Hannatu labarin. Ta ce, "Tsoho, kwaleji ba kogi ba ce."

Na ce, "Na sani. 'Yan ajinku nawa suka shiga motar Bauchi?"

Ta ce, "Ni kaɗai."

Ban ƙara ko kalma ba, kuma wannan ma mu'ujiza ce. Da safe ita da kanta ta ce in ciro takardar daga gilashi.

A wurin ganawar, wata malama ta ɗaga takardar ta ce, "Wannan ba a tilasta miki ba, me ya sa kika kawo?" Hannatu ta ce, "Don na je ne, Malama. Kuma tambayoyin da suka kayar da ni, na koma na bi su." Ashe zaman ɗakin nan da na ɗauka kuka kawai take yi, har da aiki. Malamar ta miƙa mata alli ta ce ta nuna ɗaya a allo. Ta nuna.

Sun ɗauke ta! Haleluya!

Saboda haka na zo gyara sanarwa. Jikata ba ta kayar da kowa a Bauchi ba, ashirin da uku ta ci, kuma Allah bai ji kunyar wannan makin ba. Zakara dai ya tafi, ba na neman a dawo da shi. Yau godiyata daidai kamuna ce: Fasto, ga kifi ɗaya cikin ledar nan, bai fi ɗan yatsa ba.

Duk mai ɗan abin da yake ɓoyewa don ƙanƙanta, ya kawo shi gaban Yesu yadda yake, ya dogara gare Shi. Na gode wa Ubangiji da Ya ɗaga kan Hannatu, Ya kuma rufe bakin Masinja na yini guda. Amin.