Takalman Bakin Ƙofa

Dogo: Salamu alaikum. Kawu, kana ji na?

Kawu: Wa alaikumus salam. Dogo ne? Ina wuni?

Dogo: Ni ya kamata in fara gaishe ka. Ina wuni, Kawu? Ya gida, ya Inna?

Kawu: Lafiya lau. Ya maiɗakinka da yaran? Ƙaramar ta daina tarin?

Dogo: Ta daina, alhamdu lillahi. Ya gwiwar?

Kawu: Tana nan tana ramuwa. Shekara talatin ina hawan bene da ita da jakar tukwane, yanzu ita ke ba ni umarni. Kai, muryarka na dawowa biyu-biyu, a cikin rijiya kake?

Dogo: A matakalar wani bene nake zaune.

Kawu: Zaune? Da rana tsaka? Ni dai ban koya maka talla a zaune ba.

Dogo: Hutawa nake kaɗan. Kawu, kun samu zuwa kallon fim ɗin?

Kawu: Mun je shekaranjiya, ni da Innarka. An gode da tikiti, Allah ya yi albarka.

Dogo: To ya kuka gan shi?

Kawu: Kujerun wurin suna da laushi sosai.

Dogo: Fim ɗin nake tambaya.

Kawu: Na sani, ina nema masa abin yabo ne. Innarka ta yi barci tun ba a yi nisa ba, ta farka ta tambaye ni ko an kama ɓarayin, na ce ko satar ba su fara ba, ta koma barci. An ce mana na ban dariya ne. 'Yan talla uku, kayansu ba sa shiga, sai su yanke shawarar su riƙa sata a gidajen da suke kai talla. To mun zauna muna jiran dariyar har aka kunna fitila.

Dogo: Ba wanda ya yi dariya ko sau ɗaya?

Kawu: An yi sau ɗaya, lokacin da kujera ta naɗe da wani mai ƙiba a layin gabanmu. Na kusa da ni kuwa wasa ya yi ta yi a wayarsa. Da muna fita na ji wata tana ce wa mijinta gara da sun zauna a gida sun yi wankinsu.

Dogo: Mu ma haka aka yi ranar da muka je. Rabin mutane sun fice.

Kawu: Ni abin da ya fara ɓata min rai jakunkunan. Babu komai a ciki, Dogo. Kana gani ka sani, lilo suke yi da su kamar 'yan makaranta. Wanda ya ɗauki tukwane shida da injin markaɗe, kafaɗarsa ɗaya tana ƙasa da ɗaya har ya mutu. Sannan wai ɗan talla ya sa ƙafa ya tare ƙofa. A ina? Ka taɓa... Dogo? Ka ɗauke.

Dogo: Ina nan, wurin ne ba ya kama waya. Bari in hau mataki biyu. Yanzu fa?

Kawu: Yauwa. Na ce duk wannan na yafe musu, rashin sani ne. Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Ka ga inda babbansu ya tsuguna yana karanta takalman bakin ƙofa? Yana cewa ga na maigida babu, ga na yara babu, saura silifas ɗin tsohuwa, yau za mu shiga. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Wani ɗan sana'a ne ya gaya musu. Ni da na koya maka duban takalmi, don ka san tukunyar mutum nawa za ka fito da ita na koya maka, kada ka nuna wa mai mutum biyu tukunyar mutum goma ka ba ta kunya. Sun ɗauki abin mutunci sun mai da shi dabarar ɓarayi. Da na san wanda ya ba su, da na ja masa kunne.

Dogo: Kawu.

Kawu: Na'am.

Dogo: Ba ku tsaya kun ga sunayen da ake rubutawa a ƙarshe ba?

Kawu: Wa zai tsaya? Innarka ta riga ni kai ƙofa.

Dogo: Sunana yana ciki. A wurin godiya.

Kawu: Sake faɗa, ban ji ba.

Dogo: Ka ji, Kawu. Ni ne. Bara wasu mutum biyu suka tare ni, suka ce za su yi fim a kan wahalar masu tallan gida-gida. Suka saya min shayi, muka zauna awa uku suna rubutawa. Ban taɓa samun wanda ya tambaye ni yadda nake aikina ba. Daɗi ya ɗebe ni, na zazzage musu komai. Ba su ce min akwai sata a ciki ba.

Kawu: Hm.

Dogo: Ka yi magana mana.

Kawu: Ina neman kunnen da zan ja ne, ga shi yana nesa. Tikitin da ka aiko min, su suka ba ka?

Dogo: Guda ashirin suka ba ni. Biyu naku, biyu ni da maiɗakina. Sauran goma sha shidan na raba wa masu sayen kayana tun kafin in kalla. Har ina ce musu su lura da kyau, sirrin sana'armu duk ni na bayar.

Kawu: Inna lillahi. A wane gida?

Dogo: A benen nan da nake zaune. Shekara tara ina hawansa duk Laraba, nan ne rabin cinikina. Kawu, yau na hau hawa na ɗaya, na biyu, na uku, babu takalmi ko ɗaya a bakin ƙofa. Duk sun kwashe sun shigar ciki. Har tabarmar goge ƙafa wasu sun ɗauke.

Kawu: Ka ƙwanƙwasa?

Dogo: Ƙofa huɗu. Biyu shiru, alhali ina jin rediyo a ciki. Ɗaya aka ce ba a bukata. Matar tela kuma ta leƙo ta ce, ashe duk shekarun nan ƙirga mu kake yi. Wallahi kunya ta kama ni.

Kawu: Saura wa?

Dogo: Malamar asibitin nan ta hawa na huɗu. Ita ta fara buɗe min ƙofa a gidan, ita ta haɗa ni da sauran. Duk abin da ta ce shi suke bi. In ta rufe, na rasa benen nan gaba ɗaya. Shi ya sa na kasa hawa. Ina ganin in bari sai wani makon, ƙurar ta lafa.

Kawu: A'a. In Laraba ta wuce ba su gan ka ba, ka tabbatar musu da zancen. Tashi ka hau, ina kan layi.

Dogo: In ce mata me?

Kawu: Gaskiya. Ka ce eh, kana duban takalmi, kuma ka gaya mata dalili. Ba kai ka ce min ka taɓa kai mata ƙaramin flas ba tare da ta tambaya ba?

Dogo: Lokacin da 'yarta ta tafi makarantar kwana. Na ga takalman yarinyar sun ɓace daga ƙofa, na san babban flas ya yi mata yawa. Har ta yi ƙwalla ranar.

Kawu: To ka tuna mata. Kana hawa?

Dogo: Ina hawa. Jakar ce da nauyi.

Kawu: Madalla, taka ba irin ta fim ba ce. Wane takalmi ka sa?

Dogo: Baƙin nan da dunduniyarsa ta cinye gefe ɗaya.

Kawu: Ya yi daidai. Ka ƙwanƙwasa sau uku, ka ja da baya taku biyu, ka ajiye jakar ka buɗe ta, hannuwanka a fili. Ka tsaya inda haske yake. Shekara tara kana duban nasu, yau ka bar ta ta dubi naka. Ma'aikaciyar asibiti ce, ta san ƙafar da ta sha tafiya.

Dogo: Na iso. Nan ma babu takalmi.

Kawu: Ban tambaye ka ba. Ƙwanƙwasa.

Dogo: Na yi.

Kawu: Ka ja baya?

Dogo: Na ja. Shiru, Kawu. Ko in ƙara?

Kawu: Kada ka ƙara. Jira.

Dogo: Ina jin tafiya. Ta tsaya a bayan ƙofa, tana leƙe ta 'yar hudar nan.

Kawu: Bar ta ta more kallo, ya fi fim ɗin da ka aika ta.

Dogo: Kawu, ana zare sakata.

Kawu: To me kake yi da ni a kunne? Kashe wayar, ka gaishe ta.