Maraƙin Ciyawa

A tasha, wata mai goyo ta sayi kofin madara wurin wani dattijo mai tatsar shanu, suka zauna jiran mota ta cika.

"Ni na bar cin nama, Baba," ta ce. "Ba na iya ganin yanka. A madara kuwa ba a kashe kowa."

Dattijon ya kau da kai.

"Ya na ga ka yi shiru?"

"Saniyar da na tatso wannan, an sayar wa mahauta ɗanta. Shanye mana nono yake yi."

"To, ta yarda aka tatse ta?"

"Ƙi ta yi, 'yata. Sai muka karɓo fatarsa, muka cusa ciyawa, muka tsayar a gabanta. Tana lasa, nono na zuba."

"Innalillahi! Ba ta gane ba?"

"Abin da ke hana ni barci ke nan. Jiya tana lasarsa, amma ni take kallo. Wallahi ta sani. Gobe ƙiyama me zan ce mata?"

Matar ta ajiye kofin. Ta sauko da goyonta, ta kara yatsa a hancin jaririn har sai da ta ji ɗumin numfashinsa.