Buhun shinkafar Tabawa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni ne Malam Idi mai goro daga Daura.

Lokacin kullen korona aka rufe kasuwa, sana'ata ta tsaya. Ana haka 'yata ta haifa mini jikan fari, na rasa inda zan sa kaina don murna. A makon kuma kansilanmu ya kawo shinkafar tallafi. Da yake na koyi rubutu a ajin yamma na manya, ni aka sa na rubuta sunan kowa a buhunsa. Sai na ɓoye buhun maƙwabciyata Tabawa mai ƙosai, wadda ke riƙon marayu, don abincin suna, na ce mata sunanta bai fito ba.

Ranar suna ta zo taya girki. Ashe ita ma ta koyi karatu a ajin mata. Ina shiga cikin gida na iske ta tana duba buhun, ga sunanta a jiki. Ta ce, "Malam, rubutunka ya yi kyau." Ta ci gaba da wanke shinkafa.

Na sayi wani buhun, amma kunya ta hana ni taka ƙofarta. Jama'a, ku ba ni shawara, da wane baki zan fara?